Yadda Ake Gano Tushen Ƙara da Zaizayewa a Difarenshiyal na Baya na Motar Shiga Daji

Motar da ke shiga yashi, ta ratsa rafi, ta hau duwatsu, ba ta rasa wata ƙara a ƙarƙashinta, kuma da zarar ƙarar ta fito daga baya sai mai mota ya ɗora wa difarenshiyal laifi, wato akwatin giyoyin da ke tsakanin tayoyin baya yana raba musu ƙarfin inji. A cikin motocin da aka kawo mini da wannan zargi, da yawa ciwonsu yana jikin taya, ko boris ɗin ƙafa (zoben da taya ke juyawa a kansa), ko kuros ɗin farfela (gaɓar sandar da ke kawo juyi daga giyabos zuwa baya), difarenshiyal ɗin kuwa lafiyarsa ƙalau. Saboda haka tsarin da nake bi shi ne in saurara, in taɓa, in duba mai, in auna, sannan in kwance idan kwancewar ta zama dole. Abin da aka kwance kafin a auna shi ya tafi da shaidarsa, ba kuma za a iya mayar da shi daidai yadda yake a da ba.

Abin da ya kamata ka sani game da cikinsa kaɗan ne. Farfela tana juya wani ƙaramin giya da ake kira finiyon, wanda ke zaune a kan boris guda biyu. Finiyon yana juya babban giya mai siffar faranti, wato kirawun, shi kuma an ɗaure shi a jikin wani kwando na ƙarfe mai boris ɗaya a kowane gefe. A cikin kwandon akwai ƙananan giyoyi da ke bai wa tayar waje damar yin gudu fiye da tayar ciki a lokacin shan kwana, daga nan kuma shaf biyu suke fita zuwa tayoyi. Finiyon ya fi taya saurin juyawa: idan kirawun yana da haƙora 41, finiyon yana da 10, to finiyon zai juya sau 4.1 kafin taya ta juya sau ɗaya. Ka riƙe wannan lissafi, domin shi ne zai taimake ka ka bambance ƙarar wani sashe da ta wani.

Kayan aiki

Za ka buƙaci jak mai ƙarfi da ƙafafun tokare na ƙarfe aƙalla biyu, da katakai na tare tayoyin gaba, da sifanoni da soket, da tocila, da faranti mai tsabta na tarar mai, da maganaɗisu, da tsumma, da dogon sukurdireba, da ƙarfen banƙara, da alli ko fenti na yin alama. Ga awo kuwa, ana buƙatar agogon awo mai gindin maganaɗisu wanda ke nuna kashi ɗaya cikin ɗari na milimita, da ƙaramar sifanar auna ƙarfin murɗawa, da man shafa wa haƙora mai launin rawaya ko shuɗi. Ka tanadi sabon man giya mai lambar GL-5, da gaskit ko gam na rufe marfi, da littafin gyaran motar. Duk alƙaluman da zan ambata a nan na gama-gari ne, idan sun saɓa da na littafin motarka to na littafin za ka bi.

Gargaɗi ɗaya kafin a fara: kada ka shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita, ko da na minti ɗaya ne, kuma kada ka tokare ta da bulo, domin bulo yana farfashewa ba tare da ya ba da sanarwa ba.

Mataki na 1: Ka binciki tarihin ƙarar

Ka tambayi mai motar, ko ka tambayi kanka idan taka ce, yaushe ƙarar ta fara da kuma abin da ya faru kafin ta fara. Ƙarar da ta taso bayan ratsa ruwa mai zurfi tana nuni ga ruwa a cikin mai. Wadda ta fara nan take bayan taya ta yi ta juyawa a taɓo sannan ta kama ƙasa da ƙarfi tana nuni ga karyewar haƙori. Wadda ta biyo bayan canja sil ɗin finiyon kuwa, wato zoben robar da ke hana mai yoyo, kusan koyaushe daga notin finiyon take, ko an matse shi fiye da kima ko an bar shi sako-sako. Ka kuma tambaya ko an sa manyan tayoyi, ko an ɗaga motar sama, ko tana jan tirela, saboda duka ukun suna ƙara wa finiyon da boris ɗinsa wahala.

Mataki na 2: Ka fara wanke waɗanda ba su da laifi

Tayar taɓo mai manyan haƙora tana ƙugi a kan kwalta, kuma idan ta ci ba daidai ba ƙuginta yana kama da na boris ƙwarai. Ka shafa tafin hannunka a bayan tayar gaba da baya. Idan ka ji gargada kamar haƙoran zarto, ka zargi tayar tukuna. Ƙarar taya tana canjawa idan an sauka daga kwalta mai laushi zuwa mai kaushi ko zuwa turɓaya, amma ƙarar difarenshiyal ba ta damu da irin hanya ba. Idan har yanzu kana shakka, ka mayar da tayoyin baya gaba, na gaba baya, ka ji ko ƙarar ta bi su. Na taɓa ganin an canja boris huɗu a cikin difarenshiyal, aka biya kuɗin kaya da na aiki, mota ta fita da ƙararta kamar yadda ta shigo, kuma musayar tayoyi ta rabin sa'a ce ta warware matsalar daga baya.

Ka tabbatar tayoyin baya biyu girmansu ɗaya, iskarsu ɗaya, domin bambancin girma yana sa ƙananan giyoyin ciki su yi ta aiki ko a miƙaƙƙiyar hanya. Idan motar irin wadda ake sa wa ƙafa huɗu lokacin buƙata ce kawai, ka tabbatar an cire ta daga ƙafa huɗu kafin a hau kwalta, don tafiya da ƙafa huɗu a busasshiyar hanya tana ɗaure sassan jan motar har ta riƙa tsalle da ƙara a kwana. Ka leƙa salansa ko tana taɓa jikin aksil, wato gidan ƙarfen da difarenshiyal da shaf suke ciki, ka duba bushin da shokazoba da notocin da ke riƙe da sifirin.

Mataki na 3: Gwajin hanya

A nan ne mafi yawan aikin yake, kuma a nan ne masu koyo suka fi gaggawa. Ka nemi miƙaƙƙiyar hanya marar cunkoso, ka tuƙa motar kamar minti 15 don mai ya yi zafi, ka kashe rediyo da fanka, ka sa wani ya zauna a kujerar baya yana saurare. Gangar jikin mota tana yaudarar kunnen direba, ƙarar gaba takan zo kamar ta baya, shi ya sa kunne na biyu yake da amfani.

Ka saurari motar a yanayi huɗu a gudu ɗaya, misali kilomita 60 a sa'a: lokacin da kake taka totur tana ja, lokacin da ka riƙe totur daidai ba ta ja ba ta komawa, lokacin da ka saki totur giya na ciki, da lokacin da ka zare giya tana gangarawa da kanta inji na aiki. Ka maimaita a kilomita 40 da 80, ka rubuta abin da aka ji a kowane yanayi, kada ka dogara da tunawa.

Idan motar tana kuka mai tsawo kamar na iska a lokacin ja, kukan kuma ya ɗauke da zarar ka ɗaga ƙafa, to haƙoran kirawun da finiyon ne, a gefen da ke ɗaukar nauyin ja. Irin wannan kuka yakan yi ƙarfi a wani takamaiman gudu sannan ya lafa idan an wuce shi. Idan kuwa kukan yana zuwa ne lokacin da ka saki totur, abin da na fi samu shi ne boris ɗin finiyon sun saki, finiyon yana matsawa daga mazauninsa duk lokacin da nauyi ya juya. Wannan ba abin jinkiri ba ne, domin finiyon da ke yawo yana cinye haƙoran kirawun cikin ɗan lokaci, gyaran boris biyu ya koma sayen giyoyi.

Ƙarar da ba ta damu da totur ba, tana nan ko ana ja ko an zare giya, tana ƙaruwa da gudu kawai, ta boris ce ko ta taya. Boris ɗin finiyon yana fitar da siririyar ƙara mai kama da fito, saboda saurin juyawarsa. Boris ɗin kwando yana gurnani mai kauri, saboda da gudun taya yake juyawa. Boris ɗin ƙafa ma gurnani yake yi, amma akwai hanyar kama shi: a wurin da babu kowa, ka karkata sitiyari hagu da dama a hankali kana gudu matsakaici. Idan ka karkata hagu nauyi yana komawa dama, don haka idan gurnanin ya ƙaru a lokacin, boris ɗin ƙafar dama ne abin zargi. Idan karkatawa ba ta canja komai ba, ka mayar da hankali ga cikin difarenshiyal.

Bayan haka ka shiga fili ka yi ta zagaye a hankali, sitiyari a ƙure, hagu sannan dama. A nan ne ƙananan giyoyin cikin kwando suke aiki, kuma idan sun lalace za ka ji ƙwas-ƙwas ko gurzawa wadda ba a ji a miƙe. Sai dai ka san irin difarenshiyal ɗin motarka kafin ka yanke hukunci. Mai faifan kuloci a ciki, wanda ke taƙaita sulɓin taya, yana karkarwa da gurnani a kwana idan mansa ya tsufa ko an zuba masa mai marar sinadarin da faifan ke buƙata, kuma sau da yawa canjin mai kaɗai yake magance shi. Makulli mai aiki da kansa, wanda ke haɗe tayoyin biyu su juya tare, irin Detroit Locker, yana ƙas-ƙas a kwana, wani lokaci har da bugu, kuma wannan ɗabi'arsa ce ba ciwo ba.

Saura bugu. Idan kana jin gwaf sau ɗaya lokacin da ka sa giyar gaba ko ta baya, ko lokacin da ka taka totur bayan ka sake shi, akwai rata a wani wuri tsakanin giyabos da taya, kuma kuros ɗin farfela ne na farko da za a duba. Idan kuwa bugun yana maimaituwa daidai-daidai kamar kiɗa, ka tafi a hankali ka ƙiyasta tazarar da ke tsakaninsu. Taya mai inci 31 tana cin kusan mita 2.5 a juyi ɗaya, don haka bugu ɗaya a kowace mita 2.5 yana nufin haƙorin kirawun ya karye, ko wani abu a jikin taya ko birki. Bugu kusan huɗu a wannan tazara yana nufin finiyon ko farfela.

Akwai wata dabara ga motar da za ta iya tafiya da ƙafafun gaba kaɗai. Ka yi wa farfelar baya alama a inda ta haɗu da fulanjin finiyon, wato faifan da ake ɗaure ta a jikinsa, ka cire ta, ka sa ƙafa huɗu ko ka kulle difarenshiyal na tsakiya, ka yi ɗan gajeren gwaji. Yanzu aksil na baya ba ya ɗaukar nauyin ja, bin motar kawai yake yi. Idan ƙarar ta ɓace, haƙora ne ko farfela. Idan tana nan, boris ne ko taya. Kada ka yi wannan a motar da bakin farfelarta ke zurawa cikin akwatin raba ƙarfi, domin idan ka zare ta man akwatin zai zube.

Mataki na 4: Zafi, yoyo da bututun numfashi

Da zarar ka dawo daga gwaji, ka kusanto da bayan hannunka jikin aksil ba tare da ka danna ba. Difarenshiyal mai lafiya yana zafi sosai bayan tafiya, wannan ba laifi ba ne. Abin nema shi ne wuri ɗaya da ya fi sauran zafi nesa ba kusa ba, kamar wuyan finiyon, ko ƙafa ɗaya da ta fi 'yar'uwarta. Idan kana da ma'aunin zafi mai haske, duk abin da ya kai digiri 120 a ma'aunin Salsiyas bayan tafiya marar kaya yana buƙatar bincike.

Ka duba yoyo a wuyan finiyon, a gefen marfi, da bayan tayoyi. Mai a cikin dirom na birki yana nufin sil ɗin shaf ya mutu, kuma takalmin birkin da ya sha man giya canja shi ake yi, ba a wanke shi. Sannan ka nemi bututun numfashi a saman aksil. Ƙaramin abu ne da ake mantawa da shi, amma a motar daji shi ne tushen lalacewa da yawa. Idan taɓo ya toshe shi, iskar ciki tana kumbura da zafi ta tura mai waje ta bakin sil. Idan kuma aksil mai zafi ya faɗa ruwa mai sanyi, iskar ciki tana tsukewa ta zuƙo ruwa ta bututun ko ta sil. Ka cire shi ka wanke, ka tabbatar iska na wucewa. Motar da ke yawan ratsa ruwa ya kamata a ƙara wa bututunta tiyo a kai bakinsa can sama cikin gangar jiki.

Mataki na 5: Ɗaga mota da gwajin hannu

A daidaitaccen wuri mai tauri, ka tare tayoyin gaba, ka ɗaga baya, ka zaunar da aksil a kan ƙafafun tokare, ka saki birkin hannu, ka zare giya. Ka kama kowace taya sama da ƙasa ka jijjiga, sannan ka juya ta kana saurare, hannunka ɗaya a kan sifirin ko jikin aksil, domin gurzawar boris takan zo hannu kafin ta zo kunne.

Ka shiga ƙasa ka kama fulanjin finiyon ka tura shi sama da ƙasa, ciki da waje. A nan ba a yarda da motsi ko kaɗan ba. Idan ya motsa, boris ɗin finiyon sun saki ko notin ya kwance. Juyawa hagu da dama kuwa dabam ce: ɗan wasa a nan dole ne, domin ratar kirawun da ta ƙananan giyoyi da ta bakin shaf duka suna taruwa a hannunka. Masu koyo da yawa suna jin wannan wasa su ce difarenshiyal ya mutu, alhali ba a yanke hukunci da shi sai an auna daga ciki. Ka kama farfela kusa da kowane kuros ka murɗa, ka nemi motsi ko jan ƙura mai kama da tsatsa a bakin kofunansa, wadda ke nuna giris ya ƙare a ciki.

Ana iya tayar da inji a sa giya tayoyi na sama, a ɗora bakin dogon sukurdireba a wuyan finiyon da gefunan kwando da kusa da ƙafafu, a kanga kunne a ƙotarsa, a ji inda gurnani ya fi ƙarfi. Wannan yana da haɗari, kuma sharuɗɗansa ba a sassauta su: tayoyin baya duka biyu a sama, wani yana zaune ƙafarsa kusa da birki, ba riga mai lilo, gudu kaɗan. Idan motar mai jan ƙafa huɗu ce a kowane lokaci, sai an ɗaga tayoyi huɗun duka, in ba haka ba za ta sauko daga kan tokare ta tafi. Idan ba ka da waɗannan sharuɗɗa, ka tsallake wannan gwaji. Ka kuma sani cewa kukan haƙora ba ya fitowa sosai a sama saboda babu nauyi a kansu.

Mataki na 6: Karanta mai

Ka fara kwance notin zuba mai kafin na zubarwa. Wanda ya zubar da mai sannan ya tarar notin sama ya ƙi kwantuwa ya bar kansa da motar da ba za ta motsa ba. Ka zura yatsa, a yawancin motoci mai yana kaiwa daidai bakin ramin. Idan yatsa bai taɓo shi ba, ka riga ka sami rabin amsa.

Ka tari man a faranti mai tsabta ka kai shi haske. Warin man giya mai kama da ƙibiritu ba laifi ba ne, haka yake tun yana sabo. Mai baƙi ƙirin mai warin ƙuna yana nuna zafi ya yi yawa. Mai launin madara ko toka-toka ruwa ne ya shiga, kuma ruwa yana sa boris tsatsa ko da motar tana ajiye. Idan man ya fi bakin rami yawa har yana malalowa, ka zargi ruwa ma. A kan maganaɗisun notin zubarwa za ka ga baƙin ƙulli mai laushi, ka murza shi tsakanin yatsu. Idan ya yi santsi kamar kwalli, zaizayewa ce ta yau da kullum. Idan ka ji tsini, ko ka ga ɓarɓashi masu ƙyalli kamar ɓawon kifi, boris ne ke ɓarewa. Gutsure mai girman ƙwayar hatsi ko fiye haƙori ne, kuma daga nan motar ba ta sake hawa hanya sai an buɗe ta.

Mataki na 7: Buɗewa da dubawa

Aksil iri biyu ne. Akwai mai marfi a baya, kamar aksil ɗin Dana da ke cikin motocin Jeep da yawa, wanda da ka cire marfin za ka ga komai. Akwai kuma wanda ake zaro kan difarenshiyal ɗin gaba ɗaya ta gaba, kamar na Toyota Hilux da Land Cruiser, wanda sai an zare shaf biyu an cire farfela tukuna. Kan yana da nauyi sosai, ka tare shi da jak ko ka sami mataimaki.

Ka wanke ciki da maganin wanke birki, idan babu shi kalanzir ya wadatar, sannan ka juya kirawun a hankali ka duba kowane haƙori gefe biyu da tocila. Haƙori mai lafiya yana da santsi da ƙyalli marar zane. Ka nemi ƙananan ramuka, da zane mai bin tsawon haƙori, da launin shuɗi na ƙuna, da bakin haƙori da ya yi kaifi kamar wuƙa. Ka leƙa ƙananan giyoyi da sandar da suke juyawa a kanta. A motar da aka saba barin taya ɗaya tana juyawa a banza cikin taɓo, giyoyin nan suna gudu fiye da abin da aka yi su dominsa, su ci sandar, wani lokaci ramin sandar a jikin kwando ya zama kamar ƙwai. Ka sa ƙarfen banƙara a gefen kwando ka tura hagu da dama, bai kamata ya motsa ba. Ka taɓa notocin kirawun ɗaya bayan ɗaya ka ji ko akwai wanda ya saki.

Mataki na 8: Awo

Har yanzu kada ka kwance komai na ciki. Ka kafa agogon awo a jikin aksil, bakinsa a kan haƙorin kirawun kusa da ƙarshensa na waje, yana fuskantar hanyar juyawa. Ka riƙe finiyon kada ya motsa, ka girgiza kirawun gaba da baya, ka karanta. Wannan ita ce ratar haƙora, kuma a yawancin motocin wannan aji tana tsakanin milimita 0.13 da 0.25. Ka auna a wurare huɗu a kewayen kirawun. Idan duka sun yi yawa, ko haƙora sun ci ko boris ɗin kwando sun saki. Idan awon ya bambanta sosai daga wuri zuwa wuri, kirawun ko kwando ya karkace, sai ka mayar da bakin agogon bayan kirawun ka juya shi zagaye ɗaya. Karkacewar da ta wuce milimita 0.10 ta yi yawa a kusan kowace mota.

Idan babu agogon awo, ana iya sa siririyar wayar dalma mai laushi tsakanin haƙora, a juya ta wuce, a auna kaurin inda ta baje. Wannan ƙiyasi ne kawai, ya isa ya nuna maka rata ta yi muni, amma bai isa a saita sababbin giyoyi da shi ba.

Matsin boris ɗin finiyon ana auna shi ne da ƙarfin da ake buƙata don juya finiyon, kuma ƙarfin kaɗan ne, tsakanin Nm 1 da 3 (Nm shi ne ma'aunin ƙarfin murɗawa) ga sababbin boris a motoci da yawa, tsofaffi kuma kusan rabin haka. Ana samun awo na gaskiya idan an cire kwando, amma awon da aka yi da kwando a ciki, shaf a zare, yana da amfani don kwatantawa kafin aiki da bayansa. Idan ba ka da ƙaramar sifanar awo, ka naɗe igiya a jikin fulanji ka ja da ma'aunin rataye. Idan daga tsakiyar fulanjin zuwa inda igiyar take santimita 5 ne, jan kilo 2 daidai yake da kusan Nm 1. Finiyon da ke juyawa sakaka ba nauyi ya rasa matsinsa, wanda ke juyawa yana sarƙewa kuma boris ɗinsa sun lalace.

Mataki na 9: Duba sawun haƙora

Ka shafa man awo siriri a haƙora huɗu ko biyar na kirawun, gefe biyu. Idan babu shi, fentin mai wanda aka sassauta da ɗigon man giya zai yi, amma ban da fentin fesawa, domin yana bushewa kafin ka gama. Ka sa wani ya danne kirawun da tsumma ko katako don ya yi nauyi, kai kuma ka juya finiyon har haƙoran su wuce sau biyu ko uku, gaba da baya. Ba tare da wannan nauyi ba sawun yakan fito ƙarami ya ruɗe ka.

Sawu mai kyau yana tsakiyar tsayin haƙori, bai taɓa samansa ba, bai nutse gindinsa ba, kuma yakan ɗan karkata zuwa ƙarshen ciki. Sawun da ya hau saman haƙori yana nufin finiyon ya yi nisa da kirawun, wanda ya nutse gindi da layi mai kaifi yana nufin ya shige da yawa. A tsofaffin giyoyi gefen ja ya riga ya goge, sawunsa yakan baje ko'ina, don haka gefen sakin totur ne ya fi faɗin gaskiya.

Mataki na 10: Yanke hukunci da mayarwa

Idan haƙora suna da santsi, rata tana cikin iyaka, boris ne kawai suka lalace, ka canja boris da kofunansu da sil, ka mayar da siraran washoshin saiti inda suke, ka dawo da ratar daidai adadin da ka auna a farko. Tsofaffin giyoyi sun saba da juna a wannan mazauni, kuma wanda ya matse ratarsu don ya kashe ƙara yakan haifar da sabon kuka da zafi. Haƙoran da suka riga suka ci har suna kuka ba saiti da zai sa su yi shiru, kuma mai mai kauri rage ƙarar kawai yake yi. Idan za a canja, kirawun da finiyon tare ake canja su, domin tare aka goge su a masana'anta, kuma a motar ƙafa huɗu dole lissafin haƙoransu ya dace da na aksil ɗin gaba.

Kafin ka cire marafan boris ɗin kwando ka yi musu alamar hagu da dama da sama, don ba a musanya su. Idan finiyon yana da zoben da ke lanƙwashewa don ba da matsi, ka sa sabo, ka matse notin kaɗan-kaɗan kana auna juyawa bayan kowane matsi. Idan ka wuce adadi, sassauta notin ba ya gyarawa, sai an sake sabon zobe, kuma wannan ne dalilin da ya sa ba na yarda a ƙarasa matse notin finiyon da bindigar iska. Idan sil da boris na ƙafa ɗaya suna yawan mutuwa bayan gyara, ka sa a duba ko shaf ko gidan aksil ɗin ya lanƙwashe, abin da ke faruwa ga motar da ta yi tsalle da kaya.

Ka zuba mai irin wanda littafi ya ce, yawanci 75W-90 ko 80W-90, mota tana daidai a ƙasa, har ya taɓo bakin rami, tare da sinadarin faifan kuloci idan difarenshiyal ɗin mai faifai ne. Idan ruwa ka tarar a ciki, ka sake canja man bayan 'yar tafiya don ya kwashe ragowar. Sababbin giyoyi kuwa suna zafi sosai a farko, don haka ka tuƙa minti 15 zuwa 20 ka bar su su huce, ka maimaita haka sau biyu ko uku, ka guji jan tirela da kaya masu nauyi har kusan kilomita 800, sannan ka zubar da man ka sake murza abin da maganaɗisu ya kama tsakanin yatsunka kafin ka zuba sabo.